Dila ya ci ɗan akuya, ungulu ta biya diyya: abin da bincike ya gano kan faɗan makiyayi da namun dawa

Duk wanda ya taɓa kwana a rugga arewa da Tanut ko ta wajen Gure ya san aikin da ke biyo bayan sallar asuba, wato ƙirga. Ba a ɗora shayi sai an tabbatar kowane ɗan akuya yana nan. Wata shekara na kwana wurin wani kawuna da ke kiwo ta can, muka wayi gari babu biyu. Muka bi sawu har gindin wata aduwa, muka tarar da kai da ƙafafu. Kawu ya duƙa ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce, "Dila ne, ɗana. Kuma ba baƙo ba ne, shi ne na shekaranjiya." Ni a lokacin kaina cike yake da karatun kare muhalli, amma na laluba na rasa kalma ɗaya a cikinsa da zan iya faɗa wa mutumin da aka yi wa ɓarna sau biyu cikin kwana uku.

Akwai masana da suka ƙare rayuwarsu a kan irin wannan safiya. Fage ne mai zaman kansa a jami'o'i, da mujallunsa da muhawarorinsa, kuma tambayar da suke bi guda ce: yaya za a yi naman dawa mai cin nama ya rayu ba tare da talaka ne ya riƙa ciyar da shi daga garkensa ba? Na karanta abin da ya sawwaƙa daga rubuce-rubucensu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne mafi yawansu ba a kan irin ƙasarmu aka yi su ba. Daga Kenya ne, da Tanzaniya, da Botswana, da Indiya, da Amurka, da Turai, kuma gwarzon labarin kusan kullum zaki ne ko damisa ko kyarkecin Turawa. Mu kuwa zaki ya daɗe da barin ƙasar Damagaram, saura a kirarin sarakuna da tatsuniya. Ƙidayar da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ta nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya wajen 400 ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna dajin da ya haɗa W da Arli da Panjari, can kan iyakar Nijar da Burkina Faso da Binin. Tsakaninmu da su tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce.

Namu abokan faɗan ƙanana ne. Dila ne a kan gaba, sai kura inda ta rage, sai sayaki mai zane a jiki, wanda ya fi ta kunya kuma ya fi son mushe. Can cikin hamada akwai yanyawa da dage da kyanwar rairayi, da kuma rabbi, mai gudun nan da babu kamarsa a doron ƙasa. Wani abin dariya: a 2015 masu binciken ƙwayoyin gado suka gano dilanmu na Afirka ba jinsi ɗaya ba ne da dilan Asiya kamar yadda aka ɗauka tun da, ya fi kusa da kyarkecin Turai, har aka sauya masa suna a littattafai. Malamin dawa ya yi wa masana wayo fiye da shekara 100. A rugga dai sunansa bai canza ba.

Inda aka fi yin irin wannan bincike a jiharmu shi ne Termit, duwatsun da ke bayan Tesker. A watan Maris na 2012 gwamnati ta ayyana Termit da Tin Tumma a matsayin gandun daji na ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 97,000, ya ratsa jihohin Damagaram da Diffa da Agadas. Tun kafin nan ƙungiyar Sahara Conservation Fund tana aiki a wurin, kuma ta haɗa gwiwa da sashen binciken namun dawa na Jami'ar Okusfod don nazarin masu cin naman hamada. Sun ɗaure kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gifta, kuma a 2010 ɗaya daga ciki ta kama rabbin Sahara da dare, fari fat, siriri kamar ya sha jinya. Hoton ya zaga duniya. Masu aikin sun yi kiyasin waɗanda ke yankin ba su kai goma ba, kuma manyan da suka rage a duniya daga wannan iri ba su kai 250 ba. Binciken da Farid Belbachir ya jagoranta a duwatsun Ahaggar na Aljeriya, wanda ya fito a 2015, ya samu cewa ba a samun ko rabbi ɗaya cikakke a kowace murabba'in kilomita 1,000. Dabbar da ke da ƙaranci haka, mutuwar mace ɗaya babbar asara ce.

To ga inda gizo ke saƙar. Batube ko Buzu ko Bafillacen da ke kiwo a gefen Termit yana iya yin shekaru bai ga rabbi ba. Wanda ke hana shi barci dila ne. Amma maganin da yake sa wa dila ba ya tambayar suna.

Kafin a zo kan guba, ya kamata a tsaya a kan wata tambaya da masana suka sha wuya da ita: wa ya ci? Da ganin tambayar kamar mai sauƙi ce. Mai bincike ya zo da takarda ya tambayi mai garke dabba nawa ya rasa bana kuma me ya kashe su. Matsalar ita ce amsa tana tafiya da abin da mutum yake zaton za a yi da ita. In ya ji ƙamshin diyya, adadin sai ya kumbura. In ya ji ƙamshin haraji ko tara, sai ya tsuke. Ga kuma al'adarmu ta ƙin faɗin yawan bisashe ga baƙo. Shi ya sa masu aikin da ya amsa sunansa ba sa tsayawa a tambaya. Suna zuwa wurin mushen kafin rana ta yi, su duba sawu da wurin cizo, su feɗe fatar wuya su ga ko akwai taruwar jini a ƙarƙashinta, domin dabbar da aka ciza tana da rai jini kan taru a wurin, wadda kuwa ta riga ta mutu ba ya taruwa. Suna tattara kashin naman dawan, su wanke, su duba gashin da ke ciki da madubin likita don sanin abin da ya ci. Ko wannan ma ba ya raba gardama gaba ɗaya, don gashin akuya a kashin sayaki bai nuna ko kashe ta ya yi ko mushenta ya tsinta ba.

Sakamakon irin wannan aiki yakan kunyata kowa. A arewacin Tanzaniya, Bernard Kissui ya nuna a 2008 cewa kuraye suna ɗibar awaki da tumaki sosai, amma zaki ne aka fi kashewa don ramuwa, saboda shanu yake ci, yana ci da rana, kuma yakan tsaya kan abin da ya kashe har a iske shi. A gefen dajin Panjari na Binin, binciken Etotépé Sogbohossou na 2011 ya samu kura ce ke da fiye da rabin ɓarnar, gwaggon biri kusan kwata, zaki kuwa bai kai kashi 20 ba. A birnin Mekele na Habasha, Gidey Yirga ya gano kurayen gari sun dogara ne da sharar mahauta, kuma idan Kiristocin Otodoks suka shiga dogon azuminsu na barin nama, gashin jaki a kashin kura yana tashi daga wajen kashi 15 zuwa 33 cikin 100, ya sauko bayan azumi. Wato yawan ɓarnar kura yana bin yawan abin da take samu a sauƙaƙe, ba mugun hali ne da aka haife ta da shi ba.

A wurinmu kuma akwai ɓarawon da ba a cika ambatonsa ba, karen gari da ya koma daji. Duk mai tumaki a gefen Mirya ko Takeita ya san shi. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun muna yara tatsuniya ta gama yanke mata hukunci: mai kwaɗayi, wawuya, wadda ba a ba ta ajiyar nama. Amy Dickman, wadda ta yi shekaru tana aiki a Ruwaha ta Tanzaniya, ta rubuta a 2010 cewa ƙiyayyar da mutane ke yi wa naman dawa sau da yawa ba ta daidaita da ɓarnar da yake yi ba, tana da saiwa a tsoro da camfi da tarihin yadda hukuma ta bi da su. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa wannan.

Gubar nan ba makiyayi ne ya ƙirƙiro ta ba. Tun zamanin Faransawa har bayan samun 'yancin kai, ma'aikatar kiwo da kanta ke fita da gubar sitirikinin tana barbaɗa wa mushe a ƙasashen Sahel don rage kura da dila. Dattawa da yawa suna tuna lokacin. Abin da hukuma ta koya wa mutane da hannunta ba ya fita don an buga doka a Yamai, ko da yake dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 tana nan. Yanzu ma abin ya fi sauƙi, don maganin ƙwarin gona yana kowace kasuwar ƙauye, ana auna shi a leda.

Aka sa wa mushen raƙumi guba don dila ɗaya, wa zai riga zuwa? Ungulu da mikiya, su da ke hango mushe daga sama su sauko gomiya-gomiya. Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Burkina da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye a wuraren da ba gandun daji ba sun ragu da kashi 98 cikin 100. Darcy Ogada da abokanta sun tattara bayanan nahiyar a 2016, suka samu guba ce ke da wajen kashi 61 na mace-macen ungulu da aka rubuta, cinikin sassanta don magani da tsafi kuma wajen kashi 29. Wannan na biyun ma namu ne. A 2014 wata farar ungulu da masu bincike suka maƙala wa na'urar bin sawu a Girka, suka raɗa mata suna Paschalis, ta ƙetare teku da hamada lafiya, aka harbe ta a kudancin Nijar don a kai wa masu magani a Najeriya. Wanda ya girma a unguwar Birni ko Zango ta Damagaram yana iya tuna yadda ungulu ke cika mahauta da da, ya kwatanta da yau. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya: maganin shanu mai suna dikilofenak ya share fiye da kashi 95 na ungulayenta tun daga shekarun 1990, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita.

Da a ce gubar tana maganin dila, da sai a ce an yi asara an samu riba. A Afirka ta Kudu, inda masu gonakin tumaki suka shafe fiye da ƙarni suna yaƙi da wani irin dila mai baƙin baya da tarko da guba da bindiga, Liaan Minnie ya kwatanta dilan gonaki da na gandun daji a binciken da ya fito a 2016. A inda ake kashe su, matan suna fara haihuwa tun suna ƙanana kuma suna haifar 'ya'ya da yawa, sannan wasu na shigowa daga maƙwabta su cike gurbin. Dila da matarsa suna riƙe yankinsu ne su kori baƙi. Ka kashe su, ka buɗe ƙofa. A shekarar ce kuma Adrian Treves ya tace gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Turai, ya samu 'yan kaɗan ne suka cika sharuɗɗan gwaji na kirki, kuma a cikinsu hanyoyin kariya ba tare da kisa ba sun fi nuna amfani. Wannan bai hana a ce kashe dila guda da aka tabbatar ya saba da garke yana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci ba. Kawuna ya san nasa da sawu. Abin da ba shi da madogara shi ne kisan kan mai uwa da wabi.

Me ke aiki, to? Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da Laly Lichtenfeld da makiyayan ƙabilar Masai na Tanzaniya suka yi. Sun kewaye garke da itacen da ake dasawa ya kama ya yi rai, suka ɗaura masa ragar waya. Bayan bibiyar shekara goma, rahotonsu na 2015 ya ce shingen ya hana harin dare da kashi 99.9 cikin 100. Da na duba sunan itacen a kimiyyance sai na yi dariya, domin dashi ne, wanda kakanninmu ke kafa shingen garka da shi. A Botswana, gefen Okabango, an zana idanu da fenti a ɗuwawun shanu, bisa tunanin cewa zaki mai kwanton ɓauna yakan fasa idan ya ga an gan shi. Cikin shanu 683 masu idanu babu wadda aka kashe, cikin 835 da ba a yi wa zane ba aka kashe 15, kamar yadda aka wallafa a 2020. A Kenya wani yaro makiyayi, Richard Turere, ya haɗa fitilu masu walƙiya bi da bi a jikin shinge don zaki ya ɗauka mutum ne ke zagaye da tocila. Tun 2003 kuma binciken Mordecai Ogada a Laikipiya ya nuna abin da kowace rugga ta sani: garken da ke da babba a tare da shi da rana, da kare da motsin mutane da dare, ya fi tsira.

Sai dai masanan da kansu sun ja wa kansu birki. A 2018 wani gungu ƙarƙashin Lily van Eeden ya duba rubuce-rubuce fiye da 27,000, ya samu 114 kacal da suka auna amfanin wata dabara ta hanyar kwatanta garken da aka yi wa da wanda ba a yi wa ba.  Saboda haka duk ɗan furoje da ya sauka daga mota ya ce maka "bincike ya tabbatar", kana da damar tambayarsa a ina, a kan wace dabba.

Tambayar tana da nauyi a nan fiye da ko'ina. Ido a ɗuwawun saniya don mai kwanton ɓauna aka yi shi, dila kuwa ɗan akuyan da ya yi nisa da uwarsa yake jira, ko tunkiya mai naƙuda. Shingen dashi da waya ya dace da mai zama wuri ɗaya a Matamaye ko Magarya, amma wanda ke tashi bayan kwana goma yana bin ciyawa arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ba zai ɗora ragar waya a kan jaki ba. In ya sare ƙaya ya yi zariba, malaman daji na iya cin sa tara a kan saran itace, su ne kuma za su ci shi tara in ya sa guba. In aka ce babba ya riƙa bin garke, babban yana Agadas ko Libiya neman kuɗi, an bar yaro ɗan shekara tara wanda shi ma ake so ya je lakwal. Kare kuma ba kowane gida ke son sa kusa da tabarmar salla ba, kuma shi ma sai an ciyar da shi. Ban ga ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin taurin kan makiyayi ba.

Diyya ma an gwada. A Mbirikani ta Kenya an kafa asusun biyan wanda naman dawa ya yi wa ɓarna a 2003, kuma kisan zaki ya ragu sosai. Amma asusun yana rayuwa ne da kuɗin masu ba da taimako da masu yawon buɗe ido, yana buƙatar mai tantancewa ya isa wurin mushe da wuri, kuma ana rage kuɗin idan sakaci ne ya jawo. A ƙasar da daga rijiya zuwa rijiya yini ne a kan raƙumi, kafin mai tantancewa ya iso ko ƙashi ba zai samu ba. Babu kuma baƙon da zai biya kuɗin jirgi don ya kalli dila.

Steve Redpath da abokansa sun kawo wata magana a 2013 da nake ganin ita ce ƙashin bayan lamarin: mafi yawan abin da ake kira rikicin mutum da naman dawa, rikici ne tsakanin mutane a kan naman dawa. Termit ta ishe mu misali. Dabbar da ta sa duniya ta san gandun ita ce adaks, farar barewar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho. A 2010 ana kiyasin wajen 200 a yankin. A Maris 2016 aka bi ta sama da ƙasa ana nema, aka ga uku. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta danganta wannan da hayaniyar aikin man Agadem na kamfanin CNPC na ƙasar Sin da farautar sojojin da ke gadin aikin. Man nan shi ake turowa ta bututu zuwa matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut. A 2018 aka damƙa wa ƙungiyar Noé ta Faransa tafiyar da gandun, a 2019 gwamnati ta cire kusan rabinsa, ɓangaren da ya hau kan filayen mai, a 2021 kuma aka sake gyara iyakar ta koma wajen murabba'in kilomita 86,000. Makiyayin Tesker yana da rediyo. Ya ji cewa iyakar gandu tana matsawa idan mai ƙarfi ya zo. Ranar da aka aiko masa mai wayar da kai ya ce kada ya taɓa dila don amanar ƙasa ce, da wane kunne zai ji?

Akwai kuma sarƙar da ke haɗa su. Farin 1973 da na 1984, da farauta da mota da bindiga mai sarrafa kanta, sun share mariri har aka ayyana ƙarewarsa a daji a 2000, sai a 2016 aka fara mayar da shi a Cadi. Jimina ta koma cikin waya a cibiyar kiwonta da ke Kelle ta ƙasar Gure. Barewa ta yi ƙaranci. Sababbin rijiyoyi kuma sun kai bisashe inda da ba sa daɗewa. Mai cin nama da ya rasa barewa, ya ga ɗan raƙumi ko akuya a gabansa, ba azumi zai yi ba. Wanda ya harbe barewar da mota ya tafi, mai akuya ne ya gaji yunwar da aka bari.

Jami'ar André Salifou tana nan cikin garin Damagaram tun 2010, kuma cikin ɗalibanta akwai 'ya'yan rugga masu jin Fulatanci da Tubanci da Tamashek, waɗanda ba za a yi musu ƙarya a kan sawu ba. Gwajin da van Eeden ke cewa ya yi ƙaranci a duniya ba ya buƙatar jirgi mai saukar ungulu. Rugage ne a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su ƙaramin kejin waya mai naɗuwa da jaki zai iya ɗauka don kwanan 'yan awaki, ko fitilar sola mai walƙiya, wasu a bar su yadda suke, a rubuta kowace asara da sanadinta, har da cuta da ƙishirwa da sata, daga kaka zuwa kaka. Lokacin haihuwar awaki ne ya kamata a fi sa ido.

Kawu bai jira jami'a ba. Daga wannan shekarar ya koma kifa wa jariran awaki wani babban kwando na kaba da dare, ya danne da dutse, kusa da inda yake shimfiɗa. Ya ce dila ya zo sau biyu ya shinshina ya koma. Na tambaye shi ko na shekaranjiya ne, ya ce shi ne, har yanzu ƙafarsa ta hagu ta baya tana ɗan ja.